Yadda Ake Zaɓen Laftof Ta Farko Don Karatu Da Aikin Hoto Da Bidiyo

Yawancin masu neman laftof ta farko da tambaya ɗaya suke farawa: wane kamfani ne ya fi, HP ko Dell ko Lenovo? Amsar ba za ta kai ka ko'ina ba, domin kowanne a cikinsu yana ƙera mai ƙwari da za ta yi shekara shida tana aiki, yana kuma ƙera wadda za ta sa ka cizon yatsa kafin zangon karatu ya ƙare. Abin da ya fi cancantar ka riƙe shi ne wannan: a jikin laftof akwai sassan da ake iya canzawa bayan an saya, akwai kuma waɗanda yadda ka ɗauke su haka za ka zauna da su har ranar da za ku rabu. Furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta), allo, madannai da gangar jikin ba sa canzuwa. Ma'ajiya kan canzu. RAM kuwa, wato wurin riƙe aikin da ake yi a lokacin, ya danganta da irin kwamfutar. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu, kuma kuɗinka ya kamata ya fara tafiya wurin abin da ba ya gyaruwa daga baya.

Mataki na farko: rubuta aikin da za ta yi

Ɗauki takarda, ka rubuta sunayen manhajojin da za ka riƙa buɗewa. Kada ka rubuta "karatu" kawai, domin karatun ɗalibin shari'a da na ɗalibin zanen gini ba kwamfuta ɗaya suke buƙata ba. In ba ka san manhajojin sashenku ba, tambayi waɗanda suke gaba da kai da aji biyu ko uku. Su suka san abin da malamai ke buƙata a shekarar ƙarshe, kuma shekarar ƙarshen nan ce za ka saya wa kwamfutar, tunda a nan ne aiki ke nauyi.

Idan jerin naka bai wuce Word, PowerPoint, karanta PDF, shiga aji ta Zoom, kallon YouTube da fina-finai, da ɗan haɗa fosta a Canva ba, to aikinka mara nauyi ne, kusan kowace laftof ta zamani mai matsakaicin ƙarfi za ta ɗauke shi. Idan akwai Photoshop, CapCut, SPSS, koyon rubuta manhaja ko tace sauti, ka shiga matsakaici. Idan kuwa ka ga Premiere Pro, DaVinci Resolve, Blender, AutoCAD ko SolidWorks, to ka shiga aji mai nauyi, kuma lissafinka zai bambanta da na sauran.

Ka yi wa kanka adalci a nan. Mutane da yawa kan sayi ƙatuwar kwamfutar wasanni saboda "wata rana zan fara editin", su ƙare suna ɗaukar nauyin kilo biyu da rabi zuwa aji kullum don rubuta aikin gida.

Mataki na biyu: Windows, Mac ko Chromebook

Jerin manhajojinka ne zai yanke wannan hukunci. SolidWorks a Windows kaɗai yake aiki. Final Cut Pro a na'urorin Apple kaɗai yake. Ga mafi yawan ɗalibai Windows ne ya fi sauƙin sha'ani: manhajojin makaranta sun fi samuwa a kansa, masu gyara sun fi yawa, kuma idan ka maƙale, na kusa da kai ma shi yake amfani da shi.

MacBook Air, tun daga mai furosesa M1 da ta fito a Nuwamban 2020, kwamfuta ce mai kyau ƙwarai ga karatu da tace bidiyo. Batirinta na daɗewa, ba ta da fanka balle ta yi ƙara, allonta da lasifikarta masu kyau ne. Sai dai ba a ƙara mata RAM, ba a ƙara mata ma'ajiya. Abin da ka saya shi ke nan.

Chromebook an gina ta ne a kan intanet da manhajojin Google. Tana da sauƙin kuɗi, tana da sauri wajen rubutu da bincike, amma ba za ta ɗauki cikakken Photoshop ko Premiere irin na Windows ba. Wanda ke son aikin hoto da bidiyo da gaske ya wuce ta. Haka nan akwai sababbin laftof na Windows masu furosesar Snapdragon X da suka fara fitowa a 2024. Batirinsu abin yabo ne, amma wasu tsofaffin manhajoji da wasanni da na'urorin haɗawa ba sa aiki a kansu yadda ya kamata. Kafin ka ɗauki irin wannan, bi jerinka ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar.

Mataki na uku: koyi karanta lambar furosesa

A nan aka fi yi wa masu saye rufa-ido, don haka zan tsaya.

Za ka ji mai sayarwa na cewa "ai i7 ce", kamar maganar ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Core i3, i5 da i7 sunayen matakai ne da kamfanin Intel ya yi shekara fiye da goma yana liƙa wa furosesoshinsa, kuma i7 ta shekarar 2013 da i7 ta shekarar 2022 suna kaɗai suka haɗa. Abin da za ka duba shi ne cikakkiyar lambar da ke bayan sunan.

Ɗauki Core i5-8250U. Lamba 8 ta farko ita ce zubin da furosesar ta fito a ciki, wato zubi na 8. A i5-1135G7, lambobi biyun farko ne, zubi na 11. A i5-1235U, zubi na 12. Yanzu kwatanta biyu: i7-7500U tana da ƙwayoyin aiki 2 a cikinta, ita kuwa i5-8250U da ta biyo bayanta a 2017 tana da 4. Wato i5 ɗin ta fi i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba idan ana tace bidiyo ko buɗe abubuwa da yawa lokaci guda. Kai, i3-1215U ta zubi na 12 ma, mai ƙwayoyi 6, ta wuce waccan i7 ɗin. Wanda ya biya ƙarin kuɗi saboda tambarin i7 ba tare da duba zubi ba, tsufa ya saya da tsada.

Harafin ƙarshe ma yana magana. U na nufin furosesa mai tattalin wuta, wadda ake sa wa a sirarun laftof don batir ya daɗe. H na nufin mai ƙarfi, mai cin wuta da fitar da zafi, irin ta kwamfutocin wasanni da manyan ayyuka. Ga karatu da matsakaicin editin, U ta wadatar.

Akwai layin da bai kamata ka sauka ƙasa da shi ba, kuma ba ra'ayina ne ya shata shi ba. Kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa, a hukumance, yana buƙatar Intel zubi na 8 zuwa sama, ko, a laftof, AMD Ryzen jerin 3000 zuwa sama, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Ana iya tura Windows 11 da dabara a kan tsohuwar kwamfuta, kuma masu sayarwa na yin haka, amma Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da sabuntawa ba. Saboda haka ganin Windows 11 a kan allo bai isa shaida ba. Duba lambar furosesar da idonka.

A ɓangaren AMD, Ryzen 5 jerin 5000 zuwa sama zaɓi ne mai kyau. Ryzen 5 5500U, alal misali, ƙwayoyi 6 gare ta. Amma a jerin 7000 akwai wani tarko: lamba ta uku ce ke nuna sabuntar ginin. Ryzen 5 7520U an gina ta a kan tsohon tsari mai ƙwayoyi 4, yayin da 7530U ke da 6 a kan tsari mafi sabunta. Lamba ɗaya ce tsakaninsu, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Intel ma ya sauya salon suna tun ƙarshen 2023, ya fito da Core Ultra 5 da Core Ultra 7; waɗannan sababbi ne, babu fargabar tsufa a kansu.

Celeron, Pentium, da masu lamba irin N4020, ka bar su. Za su buɗe Word, amma da zarar ka haɗa Zoom da burauza da PDF lokaci guda, za ka fara jiran kwamfuta maimakon ita ta jira ka.

Mataki na huɗu: RAM da ma'ajiya

Mutane kan rikita waɗannan biyun saboda duka da gigabayit ake auna su. Ɗauki RAM a matsayin teburin da kake baza littattafai a kai lokacin karatu, ma'ajiya kuma kabad ɗin da kake mayar da su idan ka gama. Idan teburin ƙarami ne, komai girman kabad ɗinka, dole ka riƙa tashi kana mayar da wani littafi kafin ka ɗauko wani. Wannan kai-da-kawowar ita ce nauyin da kake ji idan kwamfuta ta fara saiɓi.

RAM mai 4GB ya wuce zamaninsa. Windows 11 kaɗai kan cinye mafi yawansa kafin ka buɗe komai. 8GB shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a iya zama da shi. 16GB shi ne shawarata ga duk wanda ya sa hoto ko bidiyo a jerinsa. Kamfanin Adobe da kansa 16GB yake ba da shawara don tace bidiyon HD a Premiere Pro, 32GB kuma don 4K. Apple ma tun Oktoban 2024 ya mayar da 16GB mafarin MacBook Air.

Tambayar da ba a cika yi ba, kuma ta fi komai muhimmanci a wannan mataki, ita ce: RAM ɗin a rami yake ko a manne? A wasu laftof RAM ɗin sanda ce da ake zarewa a sa wata, wani lokaci ma da rami na biyu a buɗe yana jira. A wasu kuwa, musamman sirara, an narke shi a jikin babban allon lantarki. In ka ga an rubuta LPDDR4 ko LPDDR5, kusan kullum mannanne ne. Mai 8GB da rami a buɗe ciniki ne mai kyau, domin idan hali ya samu sai ka ƙara. Mai 8GB mannanne kuwa, 8GB ɗin za ta mutu da shi. In kuɗinka bai kai 16GB yau ba, nemi mai rami.

Akwai ƙarin riba a sanda biyu: kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban daga RAM take aron wurin aikin hoto, kuma sanda biyu masu aiki tare sun fi sanda ɗaya saurin ciyar da ita. 8GB biyu sun fi 16GB guda ɗaya a wannan fuska.

Batun ma'ajiya ba ya buƙatar dogon muhawara. Dole ta zama SSD, wato ma'ajiya marar faifai mai juyawa. Tsohuwar ma'ajiya ta HDD mai faifai da ke juyawa kan karanta megabayit 100 ko makamancin haka a daƙiƙa, SSD na SATA kan kai wajen 500, na NVMe kuwa kan haura 2,000. Bambancin a jiki ake jinsa: mai SSD kan tashi cikin daƙiƙoƙi kaɗan, mai faifai kuwa ka kunna ka zauna jira. Sannan faifai mai juyawa ba ya son jijjiga, ita kuwa kwamfutar ɗalibi kullum a jaka take. Ka kuma yi hattara da eMMC, wadda ake sa wa a mafi arahar laftof da 64GB ko 128GB. A manne take, ba ta da sauri, kuma nan da nan take cika.

Nawa ne ya isa? 256GB zai nuna maka wajen 238GB a Windows saboda bambancin lissafi, sannan Windows da sabuntawarsa su ɗebi 30GB ko fiye. Ga mai rubutu da karatu ya isa. Ga mai bidiyo kuwa, yi wannan lissafin: minti ɗaya na bidiyon 4K daga iPhone kan ci kusan megabayit 170, wato awa ɗaya ta haura 10GB, tun ba a fara tacewa ba. 512GB ya fi kwanciyar hankali. Amma tunda a yawancin laftof na Windows ana iya canza SSD, ko a sayi na waje, in dole sai ka rage wani abu, rage nan, kada ka rage a allo.

Mataki na biyar: allo, wanda za ka kalla dubban awoyi

Allo ne kamfanoni suka fi matse wa kuɗi, saboda sun san mai saye furosesa da RAM yake karantawa a kwali. Ni kuwa a ganina, ga ɗalibi, allo ya fi bambancin i5 da i7 muhimmanci. Idonka ne a kai dare da rana.

Fara da yawan ɗigo. 1366×768 ɗigo miliyan ɗaya ne da 'yan kai. 1920×1080 ya haura miliyan biyu. A na farkon ba za ka iya ajiye PDF a hagu da Word a dama ka karanta duka biyun cikin walwala ba, kuma layin tace bidiyo zai matse ka. Kada ka sauka ƙasa da 1920×1080. In ka samu 1920×1200 ya fi, domin ƙarin tsawon na nuna maka ƙarin layukan rubutu.

Sai nau'in gilashin. TN shi ne mai araha: ka ɗan kwantar da murfin baya, launuka su dushe ko su juye, fuskar mutum ta koma toka-toka. IPS kuwa ta kowace kusurwa ka kalla launin na nan. Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Buɗe hoton fuska, ka tura murfin gaba da baya, ka matsa gefe. Idan hoton ya canza kama, TN ne.

Haske ana auna shi da nit. 250 na wadatarwa a ɗaki, amma kusa da taga ko a waje za ka riƙa ƙanƙance ido. 300 zuwa sama ya fi. Allo mai sheƙi na fito da launi amma yana mayar maka da hasken fitila da fuskarka. Mara sheƙi ya fi daɗin dogon karatu.

Ga mai aikin hoto akwai lamba ɗaya da ba a cika lura da ita ba. Idan ka ga "45% NTSC", allon ba ya iya nuna cikakken launi. Ja zai fito kamar ruwan lemo, kore ya dushe. Za ka gyara hoto har ya yi maka kyau, ka tura waya, ka ga wani abu daban. Nemi "100% sRGB" ko "72% NTSC". OLED ya fi duka kyawun launi da zurfin baƙi, ga mai hali.

Girma kuwa, inci 14 ne tsaka-tsaki mafi dacewa da mai yawo da kwamfuta, nauyinta kan tsaya wajen kilo ɗaya da rabi. Inci 15.6 ta fi faɗi, sau da yawa da madannan lambobi a gefe, abin da ɗaliban lissafin kuɗi ke so, amma ta fi nauyi.

Mataki na shida: kana buƙatar katin hoto na daban?

Galibi a'a. Sashen hoto da ke cikin furosesoshin zamani, irin Intel Iris Xe da AMD Radeon, yana kunna fim ɗin 4K, yana ɗaukar Photoshop da CapCut da tace bidiyon 1080. Katin daban, kamar Nvidia GeForce RTX 3050 ko 4050, na masu Blender ne, da DaVinci Resolve, da zanen injiniya mai fuska uku, da manyan wasanni. Yana zuwa da farashinsa ban da na kuɗi: nauyi, zafi, ƙarar fanka, ƙaton caja, da batirin da ba ya kai rabin yini. In jerinka na mataki na farko bai kira shi ba, bar shi.

Mataki na bakwai: batir, madannai da ramuka

Kada ka dogara da "awa goma" da aka rubuta a talla, domin a yanayi mafi sauƙi ake gwada shi. Nemi lambar Wh, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa. Batir mai 45Wh a kwamfutar da ke cin wat 9 awa biyar zai yi, lissafin ke nan. Mai 41 zuwa 45 ƙarami ne, mai 55 zuwa sama ya fi. In inda kake karatu soket na wahalar samu, ko wuta ba ta tsayawa, wannan lamba ta hau saman jerinka. Laftof mai caji ta USB-C na da wata fa'ida: caja ɗaya mai wat 65 zai iya yi mata ya yi wa waya, kuma babban fawa-bank mai irin wannan ƙarfi zai iya ciyar da ita.

Madannai sai ka taɓa. Rubuta sakin layi guda cikakke, ka ji ko maɓallan na nutsewa daidai, ko tsakiyar na lanƙwasa. Duba jerin haruffan: wasu QWERTY ne, wasu AZERTY irin na Faransa, wasu QWERTZ irin na Jamus. Ɗauki wanda hannunka ya saba da shi. Masu haske a ƙasa na taimaka wa mai karatun dare.

A ramuka, kana son aƙalla USB babba guda biyu don filash da linzami, HDMI don haɗawa da majigi ranar gabatar da aiki, ramin abin sauraro, da USB-C. Sai dai ba kowane USB-C ne ke caji ko fitar da hoto ba. Wasu na tura fayil ne kawai. Duba ƙaramar alamar da ke gefensa, ko takardar bayanin. Mai kyamara zai so ramin katin SD.

Mataki na takwas: sabuwa ko ta hannu

Kamfanoni na ƙera layi biyu: na gida da na ma'aikatu. Na ma'aikatu, irin ThinkPad jerin T na Lenovo, Latitude na Dell da EliteBook na HP, an yi su ne don a riƙa buɗewa ana rufewa kullum tsawon shekaru. Madannansu sun fi kyau, mahaɗin murfinsu ya fi ƙwari, kuma kayan gyaransu na samuwa. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, irin wannan ta hannu mai shekara uku ko huɗu sau da yawa ta fi sabuwa mai Celeron da allon TN. Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Abin da sabuwa ta fi shi ne garanti da sabon batir, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. In ka zaɓi ta hannu, ware kuɗin sabon batir a lissafinka tun farko, ka kuma nemi a rubuta maka kwanakin da za ka iya mayarwa idan matsala ta fito.

Ko wacce ka zaɓa, nemi cikakkiyar lambar samfurin. Suna ɗaya kan ƙunshi nau'i goma, wani da IPS wani da TN, wani da rami wani mannanne. Da lambar za ka bincika shafin kamfanin ka ga ainihin abin da ke ciki.

Mataki na tara: gwaji kafin kuɗi ya bar hannunka

Ware rabin awa. Mai sayarwar da ya ƙi ba ka wannan lokaci ya riga ya ba ka amsa.

Kafin ka kunna, ɗora ta a kan tebur mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ka ga ko ta zauna daram. Idan tana rawa, ko faifan taɓawa ya ɗago sama, ko gefen gangar ya buɗe, wataƙila batirin ya kumbura, kuma kumburarren batir haɗari ne. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa, kana sauraron ƙara, kana duban kusurwoyin baya ko akwai tsagewa.

Kunna ta. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. A CPU za ka ga cikakkiyar lambar furosesa. A Memory za ka ga yawan RAM, a ƙasa kuma ramuka nawa ake amfani da su. In ka ga "1 of 2", akwai wurin ƙari. A Disk zai rubuta SSD ko HDD. Abin da ke nan shi ne gaskiya, ba sitikar da ke kusa da madannai ba.

Sai batir. Buɗe Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, ka danna Enter. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoto. A ciki akwai lambobi biyu: Design Capacity, abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yau. In na farko 50,000 ne na biyu 31,000, kashi 62 cikin ɗari ya rage. Ƙasa da kashi 70, ka sa kuɗin batir a cinikin. A MacBook, duba adadin zagayen caji a bayanan na'urar. Apple ya tsara batiran zamani su kai zagaye 1,000.

Cika allon da fari zalla, sannan baƙi zalla, ka nemi matattun ɗigo da tabon haske. Buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli. Sa filash a kowane rami. Gwada kyamara, makirufo, lasifika, Wi-Fi da Bluetooth. Cire caja tana kunne ka ga ko za ta mutu. Kunna bidiyo mai nauyi minti goma, ka ji zafin ƙasanta da kukan fanka. Ƙaramar manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta gaya maka lafiyar SSD da awoyin da ya yi yana aiki.

Abu na ƙarshe a ta hannu shi ne makulli. Sake kunna ta ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka tabbata babu kalmar sirri a kai. A MacBook, tsohon mai ita ya fita daga asusunsa na Apple a gabanka, in ba haka ba za ta iya kullewa ba mai buɗe maka. In kuma lokacin saiti ta nuna sunan wata ma'aikata tana neman ka shiga da asusunsu, har yanzu a rajistarsu take. Ajiye ta.

Mataki na goma: makon farko

Bar Windows ya gama duk sabuntawarsa kafin ka fara loda kaya, sannan ka duba a Settings cewa lasisinsa na aiki. Cire manhajojin gwaji da suka zo da ita. Kariyar Windows Security da ke ciki ta isa ga mai lura da abin da yake saukewa. Kafin ka nemi Office na sata, wanda sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa, tambayi makarantarku: da yawa na ba ɗalibai Microsoft 365 kyauta ta adireshin imel na makaranta. In babu, LibreOffice da Google Docs kyauta ne. Mai rubutu da Hausa zai iya ƙara madannan Hausa a sashen harshe na Settings don samun ƙ da ɗ da ɓ.

In kwamfutar ta kulle ma'ajiyarta da BitLocker, shiga asusunka na Microsoft ka kwafe lambar buɗewa mai alƙaluma 48 a takarda, domin ranar da aka yi mata wani gyara za ta iya neman ta. Idan yawanci a jone take da wuta, kunna iyakar caji ta kashi 80 a manhajar kamfanin, kamar Lenovo Vantage ko MyASUS, batirin zai fi daɗewa. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko filo tana aiki, ramukan iska a ƙasa suke. Kada ka ɗaga ta ta murfi.

Sannan tun ranar farko ka buɗe babban fayil guda na ayyukan makaranta, ka haɗa shi da Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta, ko OneDrive, ka kuma riƙa kwafe shi a filash ko SSD na waje duk ƙarshen mako. Bidiyoyi masu nauyi su tafi na waje, rubuce-rubuce su kasance a duka biyun.